Filin Baba Mai Zane: Wace riga zan saka wa marigayi Kawu?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru har wayar tana ta kukan wuri ya cika, amma guda uku kawai zan ɗauka, kuma na farkon shi zai cinye filin don kwana biyu nayi ina juya shi a raina kafin na iya zama in amsa. Mai shi ya roƙi kar in sa sunansa ko na garinsu, na kuma ɗan goge wasu wuraren da za su sa a gane shi. Masu tambayar kuɗin fenti ku yi haƙuri sai wata mai zuwa, dama ko na faɗa kafin mujalla ta fito ya canja.

Tambaya ta farko

Salam Baba, da fatan kana lafiya ya iyali ya sanyi. Ni ɗanka ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, sana'ata rubutun allon shago da zanen fuska da fensir, irin na ango da amarya da ake kaiwa gudummawa, a wajen karatun NCE na ɗan koyi fenti. Baba maganar kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, da daminar nan da ta wuce Allah yayi masa rasuwa. Babanmu ya rasu ina da shekara 7, dangin uba kowa ya kama gabansa, wannan kawun shi ya riƙe mu mu huɗu, kuɗin makaranta, kayan sallah, har kayan ɗakin yayata shi yayi. To amma Baba ba zan ɓoye maka ba, ɗan daudu ne. Abinci yake sayarwa a tasha ranar kasuwa, shinkafa da wake da farfesun kaza, yana ɗaura zane a kan rigarsa yana sa lalle da kwalli, in yana magana da hannu yake yi, duk garin kowa ya sanshi da haka. A makaranta na sha dambe saboda ana ce min ɗan gidan ɗan daudu, har akwai lokacin da nake zagayawa ta bayan tasha don kar ya kwaɗa min kira a gaban abokaina, wallahi yanzu in na tuna sai inji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar jana'izarsa sahu biyu bai cika ba, mutanen da suka ci bashin abincinsa shekara da shekaru suna zaune a dakali suna kallo.

Ina so in zana shi da fenti, babba, in ajiye. Hoto biyu kacal gare ni, na katin zaɓe da wani da suka ɗauka wajen biki shi da ƙawayensa su biyar. Innata tace in dai zan yi to in sa masa babbar riga da hula da carbi a hannu ko mutane sa daina zaginsa, tana faɗa tana kuka. Wani kuma da muka haɗu a Facebook yana Legas yace in zana shi sak yadda yake a hoton bikin har da sauran, akwai masu baje kolin irin wannan a Turai kuma da dala za a biya. Ni dai na rasa ta cewa. Baba wace riga zan sa masa?

Amsa

Ɗana, Allah ya jiƙan kawunka, ya sa abincin da ya ciyar da marayu ya tarar da shi a can. Da wannan na fara don na lura a duk doguwar wasiƙar taka ba ka ce wani ya yi maka ta'aziyya ba.

Bari in ba ka labarin kunyar da na taɓa sha, sai ka gane inda na dosa. Ina sabon malami, na dawo daga Zariya kaina na hayaƙi, wani mai unguwa a nan wajenmu ya sa ni in zana masa mahaifinsa da ya rasu. Hoton da aka ba ni ɗan ƙarami ne, tsohon yana da ido ɗaya da ya ɗan rufe, ga tsage a kumatu, ga haƙori ɗaya da babu. Sai ni mai wayo na ce ai mutumin kirki ne bari in gyara shi, na buɗe masa ido, na shafe tsagen, na cike giɓin, na naɗa masa rawani wanda bai taɓa naɗawa ba. Sati uku ina abu ɗaya. Da aka shiga da shi cikin gida, tsohuwar matarsa ta ɗaga fitilar ƙwai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai, kyakkyawa ne. Waye?" Wallahi ba ba'a take ba, tambaya take. An biya ni kuɗina tsaf amma zanen a bayan rumbu ya ƙare, gara ta yi walima da shi.

To kai ma in ka sa wa kawunka babbar riga da carbi, abin da zai faru kenan. Kayan aro ba ya rufe katara. Waɗanda suka zauna a dakali sun san shi, in suka gani dariya za su yi, su ce yaro ya wanke kawunsa da fenti. Ke nan ba ka hana zagin ba, kuma ka rasa shi karo na biyu, don mutumin da zai riƙa kallonka daga bango wani alhaji ne da bai taɓa ɗumama maka tuwo ba. Innarka ba ƙarya take so ba, ka gane ta, mace ce da aka yi shekara arba'in ana yi mata gori da ɗan'uwanta, so take ko sau ɗaya ta gan shi cikin shigar da ba wanda zai yi masa shewa. Kada ka yi mata gardama da baki. Ka tambaye ta kawai, akwai rigar da yake zuwa masallacin Juma'a ko idi da ita? Na tabbata akwai, kuma wataƙila tana nan a ƙasan akwatinta. Ka zana mata ƙarami da fensir cikin wannan rigar, tasa ta gaske, da hularsa yadda yake karya ta, ta rataye a ɗakinta. Wannan ba shaidar zur ba ce, ai ya saka ta. Amma babban, wanda za ka zuba ranka a ciki, wannan naka ne kai da shi.

Shi kuma na Legas ɗin, a nan ne zan ɗaga murya. Kar ka tura masa hoton bikin nan, ko a waya kar ka bari ya zauna. Kawunka ya tafi ba abin da ɗan adam zai iya yi masa kuma, amma mutum huɗun da ke gefensa fa? Suna raye, wataƙila da mata da 'ya'ya, don da yawa daga 'yan daudu magidanta ne, wasu har Makka sun je sun dawo. Ka san ƙasar da muke ciki. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa a 2000 masu wannan rayuwa suka janye daga idon jama'a, sannan a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta yanke shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga mai shiga ƙungiyarsu ko mai goya mata baya. Kuma tun kafin a je gaban alƙali, hoto ɗaya a WhatsApp ɗin unguwa ya isa ya sa a ƙona wa mutum rumfa. Daudanci daban, abin da ake zarginsu da shi daban, ni ban leƙa ɗakin kowa ba kai ma ba ka leƙa ba, kuma addini da kansa ya tsananta a kan jifan mutum ba shaidu. Amma taron yuyuyu ba ya tsayawa bambancewa. Akwai mai ɗaukar hoto a Afirka ta Kudu, Zanele Muholi, tun 2006 aikin ke nan, ɗaukar fuskokin baƙaƙen mata masu neman mata da makamantansu don kar a kashe su a manta da su, kowacce da yardarta take tsayawa gaban kyamara, a ƙasar da doka ma ta ba su kariya. Duk da haka a 2012 aka fasa gidan a Kef Tawun aka kwashe na'urorin ajiyar hotuna sama da 20, aikin shekaru. To ina ga ƙauyenku. A bar kaza cikin gashinta.

Wani abin kuma, in zanen ya je can suna za su laƙa masa. Akwai kalmar da suke cewa kuwiya, sun tattara duk wanda ya saɓa layin namiji da mace a cikinta, kuma a wajensu ta yi musu amfani, ban raina ba. Sai dai kawunka bai taɓa kiran kansa haka ba. Yana da nasu kalmomin, ƙawa, uwa, 'ya, yadda babba ke ɗaukar ƙarami ya koya masa girki da sana'a, da habaicinsu wanda in suka yi maka sai ka kai gida za ka gane an zage ka. Innarka tana so ta sa masa rigar alhaji, na Legas yana so ya sa masa rigar Turawa, kowa da telansa, ba wanda ya auna shi.

Ban ce kar ka kalli abin da masu zanen waje suke yi ba, ka kalla mana, akwai abin sata a ciki. Ajiye mamaci da fenti tsohon abu ne, a Fayyum ta ƙasar Masar an tono fuskokin mutane da aka zana a kan allon katako da kakin zuma kusan shekara 2,000 da suka wuce, ana ɗaurawa a kan gawar, har yau in ka kalli idanunsu sai ka ji kamar za su tambaye ka labarin gida. A na zamani kuwa ka nemi Kehinde Wiley, uban ɗan Najeriya ne, shi kuma an haife shi a Amurka a 1977, bai kuma ɓoye cewa shi mai neman maza ne ba. Shi ya zana Barack Obama, aka buɗe zanen a Washinton a Fabrairun 2018. Ba fuskar nake so ka duba ba, bayan nake so ka duba. Ya zaunar da shi kan kujera cikin ganye shar, ya soka furanni iri uku, ɗaya na Kenya ƙasar ubansa, ɗaya na Hawai inda aka haife shi, ɗaya na Shikago inda ya fara siyasa. Bai rubuta ko harafi ba amma tarihin mutumin yana bayansa. Akwai kuma Salman Toor, haifaffen Lahor ta Pakistan, ya taso cikin Musulmi kamarmu, shi ƙananan zane yake yi na samari irinsa a cikin ɗaki, suna hira suna kallon waya, komai ya rine da wani kore kamar hasken ƙwan lantarki mai rauni. Abin da na koya a wajensa shi ne mutumin da waje ya yi masa zafi, a ɗaki ake samun fuskarsa ta gaske.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai ba fuska a cikinsa kwata-kwata. Wani haifaffen Kyuba mai suna Felix Gonzalez-Torres, abokin zamansa ya mutu da cutar ƙanjamau a 1991, sai ya zuba alawa mai takarda kala-kala a kusurwar ɗaki, nauyin fam 175, wajen kilo 79, nauyin mutumin lokacin yana da lafiya, ya ce ga hotonsa nan. Duk wanda ya shigo an yarda ya ɗauki ɗaya ya sha, tulin yana ramewa yadda mara lafiyan ya rame, sai ma'aikata su sake cikawa. Aikin yana gidan zane na Shikago. Farkon jin labarin dariya nayi, na ce Turawa da iya shege, alawa kuma? Daga baya na zauna na yi tunani, ashe sadaka ce mutumin ya yi da sunan zane, mu da muke raba waina da gumba ranar uku da bakwai da arba'in me za mu yi wa dariya. Haka a 1987 a Washinton aka shimfiɗa ƙyallaye 1,920 na waɗanda cutar ta kashe, kowanne ƙafa 3 da ƙafa 6, girman kabari, dangi da abokai suka ɗinka da rigunan mamatan, saboda da yawansu ko jana'izar kirki ba su samu ba. Ka ga sahu biyun naku ba a kanku aka fara ba.

To yanzu aiki. Ka ce yana magana da hannu, to hannun nan shi ne rabin zanen. Ka rufe ido ka tuna yadda yake riƙe ludayin miya, ɗan yatsan da yake ɗagawa, lallen a tafin ne kawai ko har farce, tabon ƙunar mai a wuyan hannu, don duk mai suyar kaza yana da shi. Zanen da yake ɗaurawa in yana nan ka karɓo shi wajen Inna ka shimfiɗa gabanka ka kwafi adonsa da kalarsa, har inda ya koɗe wajen ɗaurin. Bayansa kar ka sa labule da fulawar roba irin ta situdiyo, ka sa tukunyar da gindinta ya yi baƙi, bencin da direbobi ke zama, langar da yake zuba muku naku daban ya rufe da faifai kafin kasuwa ta cinye. Hoton katin zaɓe ka yi amfani da shi don ƙashin fuska kawai, nisan ido da ido, faɗin hanci, inda kunne ya tsaya, ka ja masa layukan murabba'i ka ja irinsu a kyanbas, wato ƙyallen da za ka yi zanen a kai, ka kwashe gida-gida. Amma kar ka ɗauki yanayin fuskar, ba wanda yake kama da kansa a katin zaɓe, kowa kamar an kamo shi da akuyar sata. Dariyar ka ɗauko daga hoton bikin, shi kaɗai, sauran ka rufe su da takarda.

Fenti kuwa in wannan ne babban aikinka na farko ka kama akirilik, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, yana bushewa cikin minti 20 zuwa 30, da hunturun nan ma bai kai haka ba, sai ka ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa kusa. Na mai ya fi ba fata rai amma yana kwanaki bai bushe ba, ƙurar Jigawa kuma ba ta jira, kuma sai ya yi wata shida kafin a shafa masa banish, man sheƙin da ke kare zane. Kyanbas ka ɗaure shi tamau ka yi masa farin shafe sau biyu ko uku kafin ka fara, in ba haka ba zai shanye fentin. Kuma don Allah kar ka haɗa baƙi da fari ka ce fatar Bahaushe ce, toka za ka samu. Ruwan ƙasa mai duhu ne tushe, a inuwa ka ɗiga shuɗi, a kumatu da goshi inda wutar murhu ke dukansa ka ɗiga ja da ruwan ɗorawa. Ka je ka zauna wajen mai kosai da magariba ka kalli yadda wuta ke wasa a fuskarta, ya fi duk darasin da zan rubuta maka.

In ka gama kar ka sa a Facebook. Ka rataye a ɗakinka, nesa da bangon da ke tsatsafo da damina, ka riƙa duba bayan katakon saboda gara. Wanda ya cancanci gani zai gani, 'ya'yanka in ka haifa, da yayarka da ya yi wa kayan ɗaki. In ɗaya daga ƙawayensa ya zo gaisuwa ka shigo da shi ka ba shi ruwa ka nuna masa, shi zai faɗa maka in ka kama shi ko ba ka kama ba, kuma ba zai yi maka kara ba, ba su iya ba.

Maganar zagayawa ta bayan tasha kuma, yaro ne kai a lokacin, kuma ina tabbatar maka ya sha ganinka kana wucewa, mai abincin tasha ba abin da ke wuce idonsa. Bai fasa rufe maka langa ba. Masu zagi in sun matsa ka tuna musu hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari, kada ku zagi matattu don sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, da wanda Annabi (SAW) ya haɗa yatsu biyu ya ce shi da mai riƙon maraya haka suke a Aljanna. Ni ba alƙali ba ne, hisabinsa yana wajen Wanda ya fi mu sanin sa. Marayu huɗu dai an ƙirga.

Tambaya ta biyu

Baba ina wuni. Ni ɗaliba ce a wani ƙauye ta wajen Ɗambatta, ina son zane tun ina ƙarama amma malamin Islamiyyarmu yace duk mai zana mutum za a ce ya busa masa rai ranar ƙiyama, har na yaga littafina. Kai da kake zanen mutane ya kake yi da wannan? Nagode.

Amsa

'Yata, lafiya lau. Malaminku bai ƙirƙira ba, hadisin yana nan a Bukhari da Muslim, kuma akwai mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da zane yake ci, sai ya ce masa in dai sai ka yi to ka zana bishiya da abin da ba shi da rai. Saboda haka kar ki raina shi. Sai dai malamai sun yi saɓani a kan wace sura ake nufi. Sanannen zance a mazhabar Malikiyya, wadda ita muka tashi a kai a ƙasar nan, shi ne haramcin ya tabbata ne a kan sura mai jiki mai inuwa, cikakkiya, irin gunki, shi kuwa zanen da ke shafe a takarda ko ƙyalle sun sa shi a makaruhi ko abin da barinsa ya fi. Wasu malaman kuma, musamman na wasu mazhabobin, sun haramta duka. Ni a kan na farko nake tafiya kuma ban taɓa sassaƙa ba, amma ni malamin zane ne ba malamin fatawa ba, ki sa babanki ko yayanki ya raka ki wajen malamin da kuka yarda da iliminsa ki ji da kunnenki.

In zuciyarki ba ta kwanta ba ma ai ba a rufe miki ƙofa ba. Ki karanta labarin alawar can na sama. Kina iya zana kakarki ba tare da kin zana ta ba, tabarmarta da butarta da mazarin kaɗinta da takalmin da ta bari a bakin ƙofa, duk wanda ya san ta sai ya ce wance ce. Ga adon bangon gidajen Kano da Zariya, ga dagi, ga aikin hula da zayyanar allo, duk zane ne kuma ba wanda ya ce uffan. Littafin da kika yaga ne dai ya ba ni haushi, takarda tayi tsada.

Tambaya ta uku

Salam Baba. Hoton mahaifiyata guda ɗaya ne a duniya, tun na aurenta, ya koɗe ruwa ma ya taɓa shi ta gefe. Ƙanina ya sa shi a wata manhaja a waya ta gyara ya fito tas kamar jiya aka ɗauka, amma ni dai in na kalla sai inga ba ita bace, shi kuma yace ni ce na manta ta. Wanne zan kai wa mai zane? Daga 'yarka a ƙasar Birnin Kudu.

Amsa

'Yata ba ki manta ta ba, ke ce da gaskiya. Manhajar nan ba tono fuskar take daga cikin hoton ba, abin da ya goge ya goge. An ciyar da ita fuskokin mutane masu ɗimbin yawa ne, in ta ga wuri ya dushe sai ta cike da abin da ta saba gani, shi ya sa take miƙar da hanci, ta goge tsage tana zaton datti ne, ta ƙara hasken fata, ta ba kowace tsohuwa haƙoran 'yar fim. Irin laifin da nayi wa mai unguwa ne sak, ita dai cikin daƙiƙa biyar take yi ni sati uku na ɓata.

Ki kai tsohon. Amma kar ki bar shi a shagon, a je shagon kwamfuta a yi masa sikanin mai kyau a ba mai zanen kwafi, na asalin ki sa shi tsakanin farar takarda biyu cikin littafi mai kauri, a akwatin da ruwa ba ya kai wa. Kar ki yarda a yi masa lamineshan, zafin injin da gam ɗin suna kama fuskar hoton kuma ba a ɓarewa. Sannan kar ki aika yaro, ki je da kanki, in da hali da wata ƙanwarta ko 'yarta da ta fi kama da ita, ta zauna masa ko na awa ɗaya ne ya ga yadda jininku yake ɗaga gira. Mai zanen kirki zai yi ta tambayarki, tana da wushirya, ta ina take ɗaura kallabi, in tana fushi ina ne ke fara motsi a fuskar. In kika ga bai tambaye ki komai ba sai kuɗin kafin alƙalami, ki karɓi hotonki ki nemi wani. Kuma ki ce ya fara nuna miki na fensir tukuna, a nan gyara yake da sauƙi.

Ke da kike Birnin Kudu ma, in kin samu sarari ki sa ƙanin naki ya kai ki Dutsen Habude ko Dutsen Mesa ku ga shanun da mutanen zamanin da suka zana a jikin dutse, masu dogon ƙaho da masu gajere, sun dushe su ma amma ana gane su sarai. Ku tafi da safe kafin dutsen ya yi zafi, kuma kar ya watsa musu ruwa wai don su fito a hoto, haka yara ke ɓata su.